Shekarar da Na Kai Ƙarar Bango Wurin Liman

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ni ɗin nan da kuke durƙusa wa da safe, Alhassan mai gyaran keke na unguwar Nyanshegu a Tamale. Na san ranar da na kwanta dama uwarku za ta ba da labarin nan tun kafin a naɗe tabarmin makoki, kuma za ta zuba masa gishiri da barkono har da kanwa, don haka gara in rubuta shi da hannuna in rage mata aiki. Karatuna aji huɗu ne, sai allon da na wanke har malam ya gaji da ni ya ce in je in nemi sana'a. In kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi, ai don haka na kai ku sukuu kuka yi boko.

Zulai, ga waɗanda za su karanta wannan bayan mun shuɗe, jikata ce, 'yar Mumuni ɗana mai tuƙa babbar mota a Kumasi. Uwarta ta rasu tana da shekara uku, aka kawo mana ita, ta tashi a tsakanin ɗakin uwarku Mma Memuna da rumfar gyarana. Ina ce mata amarya, tana ce mini angona, kamar yadda kowane kaka yake yi da jikarsa. Allah ya ba ta ido mai kaifi da hannu mai ƙarfi, sai ya ɗaure mata harshe kaɗan. In'ina take yi. Magana takan taho mata har bakin haƙori ta ja tunga, kamar jaki a bakin gada, a yi ta turawa ta ƙi hawa. Yara kuwa kun san su, ba su da tausayin kaza balle na mutum. Da ta buɗe baki sai su hau bin ta suna "Zu-zu-zu-lai," ita kuma abin da baki ya kasa faɗa sai hannu ya faɗa. Kafin ta cika shekara goma ta cire wa wani yaro haƙori, ta yaga rigunan makaranta da ban san iyakarsu ba, Madam shugabar makaranta ta kira ni ofis sau uku. A gaban Madam nakan haɗe fuska in ce za ta gamu da ni a gida. A hanya kuwa, Allah ya yafe mini, nakan saya mata ƙosai, don a raina cewa nake jinina ne bai ɓata ba.

Mumuni bai ga abin dariya a ciki ba. Ya bugo waya daga Kumasi ya ce in aka sake kiran mu ofis, shi ya gama, zai miƙa wa Hajara ita. A nan ƙasar Dagomba 'yar mutum ta gwaggonta ce, in gwaggo ta miƙo hannu ba a ce mata a'a. Mu da kakanninmu suka zo daga Gobir da fataucin goro mun daɗe da ɗaukar wannan al'ada, yadda muka ɗauki tuwonsu da gaisuwarsu. Ke Hajara, babbar 'yata, kada ki ɓata rai in kin zo nan. Ke ba muguwa ba ce. Amma doya kike sayarwa a kasuwar Techiman, kuma duk yarinyar da ta shiga gidanki tire take ɗauka a kai tun asuba, ba jakar littattafai ba. In Zulai ta tafi, karatu ya ƙare, mu ma gidanmu ya koma na tsofaffi biyu da kaji.

Uwarku ba ta tsaya sayen ƙosai ba. Tana da ƙawa mai sayar da man kaɗe, ɗan ƙawar nan, Ticha Fuseini, ya je ƙasar Sin karatun injinan noma, ya dawo da takarda da kuma wani abu da ake kira tai chi, mu muna cewa taici. Yana tara yara Asabar da Lahadi da sassafe a filin wata makaranta a Gurugu yana koya musu kyauta. Mma Memuna ta sa sunan Zulai, ta ce mini lesin take zuwa. Ni kuwa da na ji lesin sai na yi shiru, don mai aji huɗu ba ya gardama da lesin.

Wata biyu ba a kira ni ofis ba. Yarinyar da take shan koko a tsaye tana harbin ƙofa ta koma zama ta shanye har ta wanke kofi. Ta ɗebo ruwa daga famfo, bokiti cike a kai, ba ta jiƙa ko kafaɗa ba. In na ba ta tsinken keke ta riƙe mini, ta riƙe har in gama, ba ta lanƙwasa shi don haushi. Na lura da duk wannan, na kuma san dalili: wa'azina ne ya fara ci. Har na gaya wa abokan zama a bencin masallaci cewa tarbiyya sai tsoho.

Wata Asabar na kai wa wani mutum kekensa Gurugu da sanyin safiya, hanya ta bi da ni ta bayan filin. Abin da na gani ya sa na taka burki har na kusa tashi ta kan hannun keke. Yara wajen ashirin a sahu, ba takalmi, duk sun fuskanci gabas. Rana tana ɓullowa ta saman bango ja wur kamar gwaiduwar ƙwai. Wani siriri cikin fararen kaya yana gaba. Suka ɗaga hannuwa a hankali har kafaɗa, suka sauke, suka ɗan rusuna, ba mai tari balle magana. Ga amaryata a sahun farko, ido rabi a rufe. To, ko ɗan da bai wuce Fatiha ba ya san in rana tana fitowa ba a salla, don lokacin masu bauta mata ne. Sahu, gabas, ɗaga hannu, rusunawa, fitowar rana. Me ya rage? Ban sauka na tambaya ba. Tambaya ai ta wanda bai sani ba ce, ni kuwa na riga na sani.

Na iske uwarku tana tankaɗe.

"Memuna, wane irin lesin ne ba littafi ba biro?"

"Irin wanda ya hutar da kai zuwa ofis wata biyu."

"Rana suke bauta wa! A ƙarƙashin hancina!"

"Ka tambayi yaron?"

"In tambaye shi me? Da idona na gani."

"Idon nan da ya gai da buhun gawayi shekaranjiya ya ce sannu Hajiya?"

Na ce ko ma dai me, daga yau ba Gurugu. Na rantse. Da la'asar na kai maganar benci, na ba da labari yadda ya kamata, wataƙila har na ɗan ƙara sujada da ba a yi ba. Limaminmu Afa Sulemana ya tafi garinsu ta'aziyyar wansa, ba mai taka mini burki. Kafin mako ya zagayo gida bakwai sun janye 'ya'yansu.

Akwai abin da uwarku ba ta sani ba, don ba ta wurin, kuma shi ne ya fi mini nauyi. Washegarin ranar da na hana ta zuwa Gurugu, Zulai ta zo rumfa ta tsaya a kaina ina ɗinkin tiyub. Tana so ta yi mini bayani. Na ga leɓenta yana rawa, na ga jijiyar wuyanta ta tashi, kalmar farko ta maƙale. Ni ne mutum ɗaya a duniya da bai taɓa katse ta ba. Ran nan na ce, ban ko ɗago kai ba:

"In kin gama haɗa maganar ki aiko mini da ita."

Ta shuri gwangwanin boris, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen suka watse cikin ƙasa, ta tafi. Na yi rabin yini ina tsince su ɗaya-ɗaya, ina cewa yarinyar nan ba ta da kunya. Marar kunyar yana tsugune yana tsintar boris.

A mako na huɗu Zulai ta fasa wa wani yaro goshi da kwanon abinci. Madam ta dakatar da ita mako biyu, ta ce in ta dawo ta sake, ƙofa a buɗe take. Mumuni bai jira a sake ba. Ya ce Hajara ta zo ta ɗauke ta da an ba da hutu. Uwarku ta daina yi mini magana sai ta hannun kaji: "Ku gaya wa mai gidan nan tuwonsa yana sanyi."

Da Afa Sulemana ya dawo na riga kowa zuwa gaishe shi, na kwance masa labari ina jiran ya ce Allah ya saka wa Alhassan da ya tsare mana addini. Ya saurara yana jan carbi, ya ce to, Asabar mu je mu gani. Muka hau yalo-yalo, babur mai ƙafa uku, muka isa daidai fitowar rana. Yara tara kacal suka rage. Ticha Fuseini ya hango mu, ya taho da gudu ya tsuguna har ƙasa, ya yi mana ina kwana da yaren Dagomba.

"Dasiba, Afa. Dasiba, Baaba."

"Naa," in ji liman. "Ɗana, me ya sa kuke fuskantar gabas?"

Yaron ya waiwaya ya dubi inda ake nufi, kamar yau ya fara ganin wurin. Hausarsa ta Dagomba ce, mace da namiji duk kwano ɗaya yake zuba su.

"Gabas, Afa? Ni bango na gani. Bari in nuna ma Afa."

Ya tafa hannu ya ce yara su juya yamma. Yamma kuwa titi ne. Ga mai wake da shinkafa tana buɗe tukunya tururi yana tashi, ga awaki biyu suna karo, ga wani ya ɗauro rago a bayan babur ragon yana kuka. Ba a yi numfashi uku ba sahu ya wargaje. Wuyan kowane yaro ya bi tukunya, wani ɗan ƙarami ya ɗaga hannu yana kiran kawunsa da ke wucewa. Ticha ya sake tafawa, suka juya ga bango, farin bango fetal ko ƙadangare babu. Shiru ya dawo kamar an rufe famfo.

"In Afa yana so mu juya kudu," in ji shi, "amma bola ne can, yara za su shaƙi wari."

Liman ya tambaye shi me suke karantawa. Ya ce ba komai, iska suke ƙirgawa, shiga da fita. Ya tambaye shi me ya sa sai da fitowar rana. Ya ce don daga sallar asuba yake wucewa, kuma in rana ta ɗaga ƙasar filin tana ƙona ƙafa. Afa Sulemana ya tattare babbar rigarsa ya shiga bayan sahu, ya ɗaga hannu ya sauke sau biyu, gwiwarsa ta yi ƙara kamar an karya kara. Ya dawo yana share hawayen dariya da bakin rawani.

"Alhassan, shekara ashirin ina sauraron ƙararraki a unguwar nan. Yau ce rana ta farko da aka kawo mini ƙarar bango."

Wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da Ticha ya ja ni gefe, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa, ya ce:

"Baaba, Zulai shi ne ya fi kowa a nan. Ni ba na koya duka. Ina koya yaro ya sa iska ɗaya tsakanin zuciya da hannu. Magana ma haka, in ya saki kafaɗa ya jira, magana zai zo da kansa. Ya fara samu. Sati biyar ina duba hanya, ban gan shi ba."

Maganar da na watsa a zama ɗaya a kan benci, gida-gida na bi ina kwashe ta. Gida bakwai, sallama bakwai, kowanne in tsuguna in ce abin da na faɗa ba haka ba ne. Biyar suka mai da yaransu. Biyu suka ƙi, ɗaya ma ya ce mini ai ran farko na fi yin kama da mai gaskiya. Har gobe akwai bakin da ke kiran Ticha Fuseini mai bautar rana a Nyanshegu, kuma ni na sa masa sunan. Ku sani, in kun ji, ku gyara a madadina.

Mako uku suka rage a ba da hutu. Kowace Asabar da Lahadi na ɗauki Zulai a bayan keke zuwa Gurugu, ba ta ce mini kanzil, ba ta ko riƙe rigata, sirdi take riƙewa. Ina zaune gindin darbejiya ina kallo, wannan karon da idon da ba ya gai da gawayi. Ban taɓa ganin aiki mai kyau irin wannan ba, ni da na ƙare rayuwata cikin masu aikin hannu. Ticha ba ya tsawa, ba ya riƙe bulala. In yaro ya karkace sai ya taɓa masa kafaɗa da yatsa biyu, yadda nake yi wa tayar da ta goce, in murɗa tsinke ɗaya kwata, tsinke ɗaya kwata, har ta daina rawa. Sunayen motsin na Sinanci sun fi ƙarfin yaran, sai suka raɗa musu nasu. Akwai tuƙin tuwo, akwai miƙa wa baƙo ƙwarya, akwai zakara ya taka wuta, wanda ake tsayawa da ƙafa ɗaya. Wani yaro mai ciwon ƙirji da ba a taɓa zaɓarsa a ƙwallo ba, a nan shi ne sarkin zakaru, yana tsaye cak har sauran su faɗi. Wata 'yar lukuta da ke tuntuɓe da inuwarta ta koyi ɗaga ƙafa ta ajiye kamar kyanwa. Tagwayen mai shayi da ba sa zama wuri ɗaya sai sun yi kokawa, a nan sukan haɗa bayan hannu da bayan hannu suna tura juna a hankali, wanda ya yi gaggawa shi ke faɗuwa. Ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ba wanda aka yi wa dariya don ya yi jinkiri, tunda jinkirin shi ne aikin. A lokacin na gane abin da na ƙwace wa jikata. Wuri ɗaya tak a garin Tamale da ba a ce mata yi sauri.

Hajara ta iso ranar da aka ba da hutu, da jaka babba wadda ba komai a ciki, don kayan Zulai. Aka yi dace washegari ana suna a gidan maƙwabcinmu, wanda ɗansa ne aka fasa wa goshi. Mata sun cika tsakar gida da manyan tukwane, mu maza muna kan benci a ƙofa. Aka ɗora wa Zulai babban kwanon miya mai zafi ta kai wa baƙi. Tana fitowa yaron nan, da tabonsa a goshi, ya bi bayanta yana kwaikwayon tafiyarta.

"Zu-zu-zu-lai! Mi-mi-miya ta-ta-ta zo!"

Na ga Hajara ta ajiye ludayi. Na ga uwarku ta dafe ƙirji. Ni na fara miƙewa, ban san ko yaron zan kama ko kwanon ba, don na san miyar nan a kansa za ta ƙare, karatu kuma ya ƙare tare da ita. Zulai ta tsaya. Gwiwoyinta suka ɗan saki, kafaɗunta suka sauka. Daga inda nake na ga cikinta ya cika ya sauka, ya cika ya sauka, sau uku. Sannan ta juya gaba ɗayanta daga ƙugu, a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, ta dubi yaron. Kalmar farko ta maƙale kamar kullum. Ba ta tura ta ba. Ta jira, mu ma muka jira.

"Ka... ka gama? To ma-matsa. Miyar ba-babanka ce a kaina."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Mata suka kwashe da dariya har wata ta zauna cikin kwandon albasa. Uwar yaron ta bi shi da muciya har bakin titi. Zulai ta wuce ta sauke kwanon a gaban baƙi, ta durƙusa ta gaishe su.

Da yamma Hajara ta fito da jakar nan ta ninke ta huɗu, ta zauna a kanta.

"Baaba, wannan kan ba na tire ba ne. A bar ta ta yi karatunta. Mumuni ƙanena ne, ni zan gaya masa."

Kada wani ya karanta wannan ya ce taici yana warkar da in'ina. Har yau tana yi, yanzu da take sakandare tana taya Ticha koya wa ƙanana. Abin da ya canza shi ne ta daina faɗa da harshenta, hannunta kuma ya daina shiga faɗan da ba nasa ba.

Da na yi shiru a nan, da na fita da sauran mutuncina. Amma farin ciki ya hau mini kai, ga Hajara, ga uwarku, ga maƙwabta sun shigo barka. Na gyara hula na ce ai su ba su gane ba, dabara ce na yi tun farko. Da ban hana ta mako biyar ba, da ba ta san darajar abin ba. Tarbiyya sai tsoho. Na juya na ce, amarya, ko ba haka ba?

Zulai tana wanke kwano. Ta ajiye shi, ta share hannu a zane, ta saki kafaɗa. Wannan karon na jira ta.

"Angona, ni ma-maganata jira take sai na shirya. Taka kuwa ta-tana isa masallaci kafin hankalinka ya sa takalmi."